Ka goge, to amma ya gogu kuwa?

Akwai wata ɗabi'a da na jima ina gani wajen waɗanda hannunsu ya ɗan faɗa da kwamfuta, ni kaina na yi shekaru ina yinta. In za su goge fayil ba sa danna Delete shi kaɗai, kafin ka ankara ƙaramin yatsa ya riga ya sauka kan Shift, ɗan akwatin nan mai tambayar ko ka tabbata ya fito, ba ma sa karantawa sun buga Enter, shikenan an wuce wajen. In ka tambaye su dalili sai su ce ai ba sa son tara tarkace a kwandon shara, ko kuma su ce so suke abin ya tafi gaba ɗaya kar wani ya gani. Dalili na farko da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Na biyun ne matsala, don abin bai tafi gaba ɗaya ba, kuma bai tsaya inda za ka iya ɗauko shi cikin sauƙi ba, ya maƙale ne a tsakiya, ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Bari mu fara da kwandon shi kansa. Tura fayil kwandon shara sam ba gogewa ba ce, sauya masa mazauni ne kawai. A Windows kowane faifan da ke cikin kwamfutar yana da wata ɓoyayyiyar folda mai suna $Recycle.Bin, in ka danna Delete can ake mayar da fayil ɗin, a canja masa suna ya koma wasu haruffa barkatai masu farawa da $R, sannan a ƙirƙiri wani ɗan mitsitsin fayil abokin tafiyarsa mai farawa da $I wanda a ciki aka rubuta sunansa na asali, foldar da ya fito, girmansa da lokacin da aka goge shi. Wannan ɗan ƙaramin shi ne sirrin da ya sa in ka ce a dawo da shi yake komawa daidai inda ka ɗauke shi ba tare da ya tambaye ka hanya ba. A Linux ma kusan haka ne, cikin foldar Trash akwai ɓangaren fayiloli akwai ɓangaren bayanansu. Shi ya sa ma za ka ga fim mai gig 20 ya faɗa kwando cikin ƙiftawar ido alhali in kwafe shi za ka yi sai ka zauna jira. Ba a ɗaga ko ƙwayar bayani ɗaya daga inda take ba, adireshi kawai aka canja.

To tunda ba a ɗaga komai ba, ba ka samu fili ba kenan. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, kwamfuta ta ce ta cika, mutum ya zauna ya goge finafinai goma ya duba ya ga har yanzu jan layin nan yana nan yadda yake. Masu Mac sun fi shan wannan da filash, don shi Mac in ka goge abu daga filash yana ɓoye shi ne a wata folda a cikin filash ɗin kansa, ka cire ka kai wata kwamfutar ka ga babu komai a ciki amma tana ce maka babu wuri. Sai ka mayar da shi kan Mac ɗin ka zubar da kwandon tukunna.

Shi wannan kwandon ba tare da kwamfuta aka haife shi ba. Apple ne suka yaɗa shi a kan kwamfutarsu Lisa a 1983 sannan Macintosh a 1984, Microsoft kuwa sai a Windows 95 suka kawo nasu. Kafin nan a zamanin DOS, tsohon tsarin da ake ba kwamfuta umarni da rubutu, in ka goge ka goge, sai dai ka nemi wata dabara da ake kira UNDELETE wadda ta shigo cikin MS-DOS 5 a 1991, kuma abin dariya in za ta dawo maka da fayil sai ta tambaye ka harafin farko na sunansa. Me ya sa harafin farko kawai? Saboda kusan shi kaɗai ne aka lalata daga sunan. A tsarin FAT, wanda har gobe shi da danginsa ne a kan yawancin filash da memori, gogewa na nufin a ɗauke harafin farko na sunan a sa wata alama ta musamman, E5, a gurbinsa, a kuma rubuta cewa wuraren da fayil ɗin ya zauna yanzu babu kowa. Iyakar abin kenan.

Kwatanta shi da mai gidan haya da ke da littafin da yake rubuta wane yana ɗaki kaza. Ran da ka ce ka tashi sai ya ja layi kan sunanka ya rubuta a ƙofa cewa ɗaki babu kowa, amma bai shiga ya fitar da ko tsinke ba, katifarka da akwatinka suna nan yadda ka bar su, sai ranar da sabon ɗan haya ya zo za a watsar da su. Yana iya zuwa yau da yamma, ana iya shekara bai zo ba, kuma ba kai ke zaɓa ba. Shift da Delete, da zubar da kwandon shara, duk abin da suke yi kenan, jan layi a littafin mai gida. A NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi a faifan ciki, littafin ya fi girma da tsari, MFT ake ce masa, kowane fayil na da nasa layin, amma hikimar ɗaya ce: a sa alamar cewa layin nan ba a amfani da shi, a saki wuraren. Ba ƙeta ba ce ko lalaci ya sa aka tsara shi haka, sauri ake nema, don in da sai an bi kowane lungu na fayil an share shi da gaske da goge gig 20 zai ɗauki lokaci kamar rubuta gig 20.

Manhajojin dawo da fayil irin su Recuva da PhotoRec a wannan giɓin suke cin abincinsu. Wasu littafin suke bi su nemo sunayen da aka ja wa layi, wasu kuma ba ruwansu da littafi, ɗaki ɗaki suke bi suna leƙawa, in sun ga abin da farkonsa ya yi kama da hoto ko takarda su kwaso, shi ya sa irin waɗannan sukan dawo maka da dubban fayiloli babu sunayensu na asali babu folda, lambobi kawai, kai za ka zauna ka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Na ga wannan da idona a kan ƙanina. Ya goge wata folda ta hotuna daga filash ɗinsa yana zaton ya riga ya kwafe su a laftof, ashe foldar kawai ya ƙirƙira bai zuba komai a ciki ba. Ya duba kwando bai gani ba, maimakon ya kira ni a lokacin sai ya ce bari dai zuwa ƙarshen mako, a tsakanin kuma ya tura finafinai biyu cikin filash ɗin tunda ai ga wuri ya samu. Da ya kawo min na ce, kai yanzu tun ranar ka sa wani abu a ciki? Ya ce, Yaya finafinai biyu ne kawai fa. Na ce to waɗannan biyun su ne sababbin 'yan hayar. Muka kunna manhajar muka bar ta tana aiki, wasu hotunan suka dawo lafiya lau, wasu suka ƙi buɗewa, wasu kuma su suka fi ba ni tausayi, za ka ga hoton ya fara daga sama garau, ga kawunan mutane ga fuskoki, daga wuya zuwa ƙasa kuma sai toka toka kamar an shafe da siminti. Ya daɗe yana kallon wani guda ɗaya yana jan maus sama da ƙasa kamar sauran zai fito.

Kuma lura, shi bai ma danna Shift ba. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya sani tun ranar da ya fara taɓa kwamfuta amma ba mai gaya maka: kwandon Windows ba ko'ina yake tare abu ba. Filash da memori in ka goge daga cikinsu kai tsaye suke tafiya. Foldar da ke kan wata kwamfutar da kake shiga ta netwok, irin na wuraren aiki, ita ma haka. Fayil ɗin da ya fi ƙarfin girman da aka ware wa kwandon zai ce maka ya yi girma, a goge shi gaba ɗaya? Kuma in kwandon ya cika, tsofaffin ciki ake fara zubarwa a shiru don a ba sababbi wuri. Windows 10 da 11 suna da wani tsari, Storage Sense, wanda in yana kunne yakan share abin da ya kwana 30 a kwando, Mac ma yana da irin wannan zaɓin na kwana 30. Don haka masu mayar da kwandon shara ma'ajiya, wai na ajiye shi can in na buƙata na ɗauko, ku dai yi hattara. Sai kuma babbar wadda ba a ma lissafa ta cikin gogewa: ka kwafi fayil kan wani mai suna iri ɗaya ka amince a maye gurbinsa, ko ka buɗe takarda ka share rabinta ka yi sebin. Wannan ko ƙofar kwando ba ya bi.

Masu rubuta umarni a baƙin allo kuwa su ba su da kwando tun asali. Umarnin rm a Linux da Mac, da del a Windows, ba sa tura komai ko'ina. A 1998 ana cikin aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar wani ya buga rm a inda bai kamata ba, ma'aikata suna kallo kayan aikin fim ɗin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kusan kashi 90 cikin ɗari ya tafi kafin a kashe na'urar, aka je ɗauko bakof, wato kwafin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana, aka tarar shi ma ya jima ba ya aiki daidai ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wata babbar ma'aikaciyarsu ce da ta haihu take aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Ƙwararru kenan fa, masu kayan aiki.

To duk bayanin mai gidan hayan nan da na yi, a kan tsohon faifai mai juyawa ya fi zama daidai, da filash da memori. Laftof ɗin da ke hannun yawancin mutane yanzu SSD ne a ciki, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, shi kuma halinsa daban. Faifai mai juyawa yana iya rubuta sabo kai tsaye a kan tsoho. SSD ba ya iyawa, dole sai ya share wuri tas kafin ya rubuta, kuma ba ya iya share ɗan ƙaramin wuri shi kaɗai sai babban yanki gaba ɗaya, in ya bari sai lokacin rubutu ya zo sannan ya tsaya shara sai ya yi nauyi. Maganin da aka samo shi ne wani umarni mai suna TRIM, Windows ta fara aiki da shi tun Windows 7 a 2009: da zarar ka goge fayil gogewa ta dindindin, kwamfuta za ta sanar da SSD cewa wuraren nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya share su a lokacin da ya ga dama, galibi ba da jimawa ba. Wato wannan mai gidan ba ya jiran sabon ɗan haya, kana fita yake aiko masu shara. Sau da yawa ko sharar ba a kai ga yi ba, in manhaja ta tambayi abin da ke wurin sifili kawai za a ba ta. Shi ya sa za ka ga Recuva ta nuna maka sunan fayil ɗin ɓaro ɓaro har da girmansa, ranka ya yi fari, ka dawo da shi ka buɗe ka tarar fanko ne. Shawarar nan da aka saba bayarwa ta kar ka damu ana iya dawo da shi, ta zamanin da ce, a kan SSD Shift da Delete ya kusa zama yankan da ba ɗinki.

Sai mutum ya ce to madalla, ashe a SSD in na goge sirrina ya tafi kenan. Nan ma a'a, kuma nan ne abin ya fi ɗaure kai. Kowane gurbi a cikin SSD yana da iyakar sau nawa za a iya rubutu a kansa kafin ya gaji, saboda haka na'urar tana yawo da bayanai daga nan zuwa can don kar wani ɓangare ya riga wani mutuwa, tana kuma da wani ɓoyayyen fili na ko-ta-kwana da ita kwamfutar ma ba ta ganinsa. In ka ce a rubuta shirme a kan fayil kaza don a lalata shi, SSD na iya rubuta shirmen a wani sabon wuri daban ya bar tsohon kwafin yana kwance sai ya waiwaye shi. Kai ba za ka iya kaiwa gare shi ba, amma ba wanda zai rantse maka cewa babu shi. Apple da kansu a da suna da wani zaɓi na zubar da kwando tare da lalata abin da ke ciki, suka cire shi a 2015 a tsarin Mac mai suna El Capitan saboda ba za su iya ba da tabbacin yana aiki a kan irin wannan ma'ajiya ba. Ni dai wannan ya burge ni, gara a cire maɓallin da a bar shi yana yi wa mutane ƙarya.

Ɓangaren sirrin nan ba ƙaramin abu ba ne. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon wani aiki da suka yi, sun sayi tsofaffin faifan kwamfuta 158 na hannu, a cikin 129 da ke aiki 12 kacal suka samu an share yadda ya kamata. Sauran akwai wasiƙun mutane, bayanan asibiti, da dubban lambobin katin banki. Da yawa daga masu faifan sun goge fayilolinsu ko sun yi fomatin, sun sayar hankalinsu kwance. Fomatin mai sauri, wanda shi kowa ke zaɓa don yana gamawa cikin daƙiƙoƙi, sabon littafi kawai yake ba mai gida, ɗakunan ba a taɓa su ba. Cikakken fomatin ne, daga Windows Vista zuwa yau, yake bin faifan yana rubuta sifili a ko'ina, shi ya sa yake cin awanni.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, waɗanda suka ji cewa sai an rubuta a kan faifai sau 35 kafin abu ya gogu. Lambar daga wata maƙala ta Peter Gutmann ta 1996 ta fito, kuma ya haɗa ta ne don ta game nau'o'in faifai daban daban na wancan zamanin, shi da kansa daga baya ya ce mutane sun ɗauki abin kamar tsafi. A faifai mai juyawa na yanzu sau ɗaya ya wadatar. Windows ma tana da umarnin cipher da ke bin filin da babu kowa ya rubuce shi. Ga SSD da waya kuwa hanyar da ta fi ita ce kulle bayanan tun farko ta yadda sai mai makulli zai iya karanta su, BitLocker a Windows, FileVault a Mac, wayoyin zamani kuma da kullensu suke zuwa. In komai a kulle yake da makulli, ranar rabuwa da na'urar makullin kawai za a lalata, duk abin da ya saura a lungunan da ba ka gani ya zama shirmen da ba mai iya karantawa. Shi ya sa mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yake gamawa da wuri amma kuma ya fi fomatin ɗin da aminci nesa ba kusa ba.

Duk da haka fayil ɗaya da wuya ya zama shi kaɗai ne. Hoton da ka goge wataƙila ƙaramin samfurinsa na nan a inda kwamfuta ke tara su don nuna maka folda da sauri, akwai wanda ka tura ta imel, akwai wanda ya hau Google Drive ko OneDrive ko iCloud ba ka ma sani ba. Kuma su waɗannan ma'ajiyoyin na intanet wuƙa ce mai baki biyu, yawanci madubi ne ba bakof ba, in ka goge a laftof sai su ɗauka umarni ne su goge a can da kuma sauran na'urorinka. Abin da ke ceton mutane shi ne su ma suna da nasu kwandon, Google Drive kwana 30 yake riƙewa, hotunan da ka goge a iPhone ma kwana 30 suke yi a wata folda kafin su wuce. Ga mai neman abin da ya ɓata wannan rahama ce, in ya tuna ya duba kafin wata ya cika. Ga wanda yake zaton ya ɓatar da abu kuwa, yana can yana jiransa a wani wuri da bai duba ba.

In tsautsayi ya faɗa maka ka goge abin da kake so, Ctrl da Z ka fara gwadawa in Delete kawai ka danna, sannan kwando, sannan kwandon intanet. In babu, to ka daina amfani da wannan faifan nan take, filash ne cire shi, faifan ciki ne kashe kwamfutar, don ko lilo a intanet kake yi tana rubuce rubuce a bayan fage. Kar ka sauke manhajar dawo da fayil a kan faifan da abin ya ɓata a ciki, kar kuma ka ajiye abin da ka ceto a kansa, mutane da yawa da hannunsu suke binne abin da suke haƙowa.

Ni abin da ya raba ni da Shift ba wata babbar asara ba ce, lissafi kawai na zauna na yi. Me yake ba ni? Fili, wanda zan iya samu duk sanda na so da danna biyu a kan kwando. Sirri kuwa ba ya ba ni, mun gani. Abin da yake karɓa a hannuna shi ne damar canja ra'ayi, ya musanya min ita da ɗan akwatin tambaya, akwatin da kuma ba ya aiki, don yana tambayarka ne a daidai daƙiƙar da ka fi kowa tabbata, yatsanka ma ya haddace amsar. Kuskure ba a wannan daƙiƙar ake gane shi ba, sai bayan kwana uku kana neman takardar. Ina ganin masu Windows ma sun fahimci haka, tun daga Windows 8 suka daina tambayarka in kwando za ka tura abu, suka bar tambayar ga gogewar da ba ta bi ta kwando. Yanzu na shiga saitin kwandon na ƙara masa girma, na bar shi yana zubar da kansa bayan kwana 30, a filash kuma tunda na san babu mai tare min, sai na buɗe kwafin da ke laftof na ga hotunan da idona kafin in taɓa na ciki. Yatsan dai har yanzu wani lokacin yakan tafi kan Shift da kansa sai na janye shi.